Ta'aziyyar Bishiyar da Ba Ta Mutu Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta tsakiyar damina ba, kuma ko na so in manta, akwai 'yan mata wajen talatin a garin nan na Katsina da ba za su bari ba. Yanzu wasunsu sun yi aure, wasu suna jami'a, amma duk inda muka haɗu, ko kasuwa ko gidan biki, sai in ga an rufe baki da gefen mayafi ana cewa, "Malama, ya ƙarin haƙuri?" Ni kuwa sai in amsa da "Da godiya," don ni na jawo wa kaina.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku gane girman abin. A Ƙofar Durbi aka haife ni, a gidan da tsakar gidansa siminti ne tun daga zaure har bakin madafa. Bishiya ɗaya tal muke da ita, wani bedi a ƙofar gida, shi ma abin da ya haɗa ni da shi sharar ganye ne da safe ina ƙunƙuni. Marigayi babanmu tela ne, kakanmu ma tela ne. Gero a kwanon mai awo na san shi. Amma da na je jami'a sai na karanta labarin ƙasa, na fito da sakamako mai kyau, har na rubuta kundi mai kauri a kan kwararowar hamada. (A ɗakin karatu na rubuta shi tun daga farko har ƙarshe, a ƙarƙashin fanka. Ban taka gonar kowa ba.)

Bayan bautar ƙasa na yi shekara biyu ina zaman jiran aiki. Sai wata ƙawata ta haɗa ni da wata 'yar ƙaramar ƙungiya da ke fitar da ɗalibai daga aji, ta kai su gona ko gandun daji, su ga itace da ƙasa da idonsu, su yi dashe da hannunsu. Ranar da na fara raka su fita, na ga wata yarinya ta dasa ɗan tsiron tsamiya, ta tsuguna tana kallonsa ta ƙi tashi har sai da aka yi mata magana. Nan take na ce a raina, wannan aikin nake so, ba wani ba.

Mutum biyu ne ke riƙe da ƙungiyar. Akwai Hajiya Mairo, shugabarmu, wadda ta yi shekara da shekaru tana hedimastar firamare kafin ta yi ritaya, mace ce da ba ta ɗaga murya amma idan ta kalle ka ta saman tabarau sai ka duba ko maɓallin rigarka ya ɓalle. Sai Oga Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda ya daɗe a Katsina har Hausarsa ta fi tawa Katsinanci. Shi ke tuƙa motar, shi ke renon tsirrai. A cikinmu ni kaɗai ce mai digiri a fannin, kuma wallahi ban bari sun manta da hakan ba ko na yini ɗaya. Oga Bitrus zai ce "kalgo," ni kuma in gyara murya in faɗi sunansa na Latin.

Gwajin wata uku aka ɗauke ni. A gida kuwa Yaya Sani, wanda shi ne babba tun rasuwar babanmu, bai ga aiki a cikin abin ba. Ya ce, "Ki yi digiri, ki ƙare da yawo cikin rana kina haƙa rami? Dubi yadda kika yi baƙi." Ya riga ya samo mini kujera a ofishin wani abokinsa, aikin buga takardu. Muka yi yarjejeniya a gaban Inna: idan aka tabbatar da ni bayan wata ukun, ya ƙyale ni. Idan ba a tabbatar ba, ranar Litinin ta gaba ina kan waccan kujerar, ba gardama.

Jarrabawar ƙarshe ita ce in jagoranci fita ni kaɗai, Hajiya tana gefe tana kallo. An zaɓi gonar wani dattijo, Malam Dauda, can gaba da Batagarawa kaɗan, da 'yan matan wata sakandare.

To, ƙungiyar tana da wata doka da Hajiya ba ta wasa da ita. Duk wanda zai jagoranci fita, dole ana gobe ya je ya gaida mai gona, ya zaga gonar da shi da ƙafa, ya tambaye shi abin da ke ciki. Zagayen gaisuwa suke kiran abin. Ranar Talata aka wayi gari da ruwa. Oga Bitrus ya ce, "Malama, in ya ɗauke sai mu tafi ko?" Na ce masa kada ya wahalar da kansa, na riga na duba wurin. Kuma ban yi ƙarya ba, na duba. A taswirar waya na duba, ina kwance a kan gado. Na ga ɗigo-ɗigon bishiyoyi daga sama, na ce me ya rage? Sauran yinin na ƙare shi ina haddace jawabi a gaban madubi.

Laraba na fito kamar mai zuwa yaƙi. Takalman ruwa har gwiwa, malafa a kan hijabi, 'yar lasifika a rataye a kafaɗa, littafi a hammata. Na kuma ɗauko gwangwanin jan fenti da buroshi, wanda muke yi wa mataccen itace alama da shi don a cire a dasa wani a gurbinsa. (Ba wanda ya ce in ɗauko. Gani na yi zai ƙara mini kwarjini.)

Malam Dauda ya tarbe mu a bakin gona, dogo, siriri, da gatari a kafaɗa. Ya gaisa da Hajiya, ya gaisa da Oga Bitrus, an tambayi gida, an tambayi ruwa, an tambayi iyali da dabbobi. Da ya juyo kaina ya ce, "Ɗiyata, an zo lahiya? Jiya na yi ta duban hanya." Na ce, "Lafiya lau, Baba," na wuce da sauri, don na ji Hajiya ta juyo da tabarau.

Gaskiya da farko abin ya tafi daidai. Na jera 'yan matan, na yi musu bayanin yadda saiwa ke riƙe ƙasa, na sa su damƙi ƙasa su ji danshinta. Suna rubutu, suna tambaya, ni kuma kaina yana ƙara girma a cikin malafa. Ko'ina kore shar, gero ya kai kafaɗa, an yi ruwa jiya, iska mai daɗi.

Sai muka karya kwana, na gan ta.

Wata ƙatuwar bishiya ce a tsakiyar gonar, mutum biyu ba za su zagaye ta da hannu ba. Ba ganye ko ɗaya. Rassa fari-fari, tsirara, ƙayoyi kawai, a tsakiyar damina, alhali ko ciyawar kan katanga ta yi kore. Murna ta kama ni. Na ce a raina, Allah ya kawo mini darasi har gida. Na rufe littafin, na ajiye jawabin da na haddace, na kunna lasifika.

"Ku matso! Ku zagaye ta! Ku kalle ta da kyau!"

Suka zagaye ta, suna kutsawa cikin gero.

"Wannan da kuke gani," in ji ni, "ita ce hamadar da nake gaya muku. Ba sai kun je iyaka ba, ga ta ta iso Batagarawa. Bishiyar nan ta fi kakanninku shekaru. Ta ba da inuwa, ta ba da iska, ta tare ƙasa. Yau ga ta a tsaye, ta mutu, ba wanda ya ko lura."

Oga Bitrus ya yi tari. Na ɗauka abin ne ya taɓa shi.

"Me ya kashe ta? Mu muka kashe ta! Takin zamani barkatai, sassabe, ƙona gona, da rashin sani. Manomanmu, Allah sarki, ba laifinsu ba ne, ba su da ilimin abin." (Ina faɗin haka, mai gonar yana tsaye taku uku daga inda nake. Da lasifika nake faɗi, kada ya ce bai ji ba.)

Oga Bitrus ya sake yin tari, wannan karon har da ɗaga hannu. Na yi masa alamar ya dakata, ban gama ba. Ai lokacin ma na hau. Muryata ta fara rawa, kuma ba shiri ba ne, da gaske tausayin bishiyar ya kama ni. Na ce kowa ta sunkuyar da kai mu yi shiru na minti ɗaya. Suka sunkuyar. Na ga kafaɗun wasu biyu a baya suna girgiza, na ce Allah sarki, har kuka suke yi.

Da minti ya cika na buɗe gwangwani, na tsoma buroshi, na zana wa bishiyar jan gicciye ƙato, daidai tsayin fuskata. Sannan na juya wurin Malam Dauda cikin muryar masu zuwa gaisuwar mutuwa, na ce, "Baba, sai haƙuri. In sha Allahu za mu kawo maka tsiron bishiyar turare guda biyar a dasa a gurbinta."

Dattijon nan ya kalli fentin, ya kalle ni, ya sake kallon fentin. Ya sauke gatarinsa a hankali.

"Malama," ya ce, ya bar ɗiyata, "mi kika ce ya same shi?"

"Ta bushe, Baba. Ta mutu."

"Ikon Allah. Yaushe?"

Bai jira amsa ba. Ya sa bakin gatari ya ɗan kankare ɓawon, kusa da fentina. Sai ga ɗanyen jiki, jiƙe, har da ɗan ruwa-ruwa. Ya miƙo mini ɓawon a tafin hannu.

"Gawo ne, Malama. Haka shi kai. In ruwa ya sauka sai shi zubar da ganye, in rani ya yi kowa ya bushe sai shi yi kore. Lahiyatai lau. Ya ma hi ni lahiya."

Gawo.

Jama'a, na san gawo. Wato na san shi a takarda. Shafi guda cur na rubuta a kansa a jarrabawar aji uku, da sunansa na Latin, da yadda yake zubar da ganye da damina ya zama taki, da yadda amfanin gona ke fin kyau a ƙarƙashinsa. Maki mai kyau na ci. Ban dai taɓa tsayawa a gabansa ba, kuma ban taɓa tambayar yadda ake kiransa da Hausa a gona ba.

"Ki duba inda kike tsaye," in ji Malam Dauda.

Na duba. Geron da ke gindin bishiyar ya fi na ko'ina tsawo da kauri, ya shanye malafata. Tun ɗazu a cikinsa nake tsaye ina wa'azin rashin sani.

'Yan matan nan biyu na baya, waɗanda na ɗauka kuka suke yi, su suka fara fashewa. Ashe 'yan ƙauye ne da ke zaune a gidan 'yan uwa a birni, tun da na ce "ta mutu" suke cizon mayafi. Sai dariya ta kama ko'ina. Har malamarsu da ta rako su ta juya baya tana share hawaye. Ni kuwa na ce a hankali, ni da kaina, "Innalillahi, na shiga uku, na kashe kaina." Na manta lasifika a kunne take. Har masu noma a gonar maƙwabta sai da suka ɗago.

Ban san yadda aka yi na isa bayan mota ba. Na dai tsinci kaina a tsugune a gefen taya, jan fenti a hannu da gefen hijabi, ina kuka irin na majina. Kujerar ofishin abokin Yaya Sani kawai nake gani. Na ji takun Hajiya. Na zaci za ta rarrashe ni ko ta kore ni, ko ɗaya ba ta yi ba.

Ta ce, "Kin je zagayen gaisuwa?"

Na ce, "A'a, Hajiya."

"To." Ta duba agogo. "Saura minti arba'in. Ɗalibanki suna tsaye cikin rana."

Ta juya ta tafi abinta. Wallahi da za a ba ni zaɓi tsakanin komawa wurin nan da tafiya Katsina a ƙafa cikin takalman ruwa, da tafiyar zan zaɓa. Amma na tambayi kaina, ke da kika ce wannan aikin kike so ba wani ba, daga bishiya ɗaya har kin gama? Na share fuska da gefen hijabin da ba fenti, na tashi.

Na koma, na durƙusa har ƙasa a gaban Malam Dauda, a gaban yaran. Na ce, "Baba, na yi maka rashin kunya a gonarka, na ce ba ka da ilimi. Ni ce ba ni da shi. Ka yafe mini." Sannan na juya na ce wa 'yan matan duk abin da na faɗa a kan bishiyar nan su soke shi, su buɗe sabon shafi, ga malami nan.

Ya ce, "Tashi, ɗiyata, ba komi. Ai shi gawon bai ji ba." Ya ƙi karɓar lasifika, ya ce muryarsa ta ishe shi. Minti arba'in ɗin nan ban taɓa jin darasi irinsa ba. Ya nuna musu ruɓaɓɓen ganye a gindin gero, ya gaya musu yadda tumakinsa ke rayuwa da 'ya'yan gawo idan ciyawa ta ƙare, ya nuna ƙananan gawo guda uku da ya bari suka tsiro da kansu yana yi musu aski duk shekara. Ni ina cikin layin ɗalibai ina rubutu. Kafin mu tafi na roƙi kananzir a wurin Oga Bitrus na goge fentin da tsumma, don kada masu saran itace su gani su ɗauka izini ne. Bai fita duka ba, sai da na sake dawowa.

Washegari Hajiya ta kira ni ofis. Ta ce ba za ta tabbatar da ni ba. Kafin hawaye su zubo ta ɗaga hannu. Ta ce ba kuma za ta kore ni ba, don na dawo daga bayan mota, kuma ba kowa ke dawowa ba. Ta ƙara mini wata uku, ba jagorancin fita, kuma duk Asabar in je gonar Malam Dauda. Ta ce, "Ranar da ya ce kin isa, kin isa. Ba ni zan yanke ba."

A gida aka yi ta. Yaya Sani ya ce yarjejeniya ta cika, ba a tabbatar ba. Na ce ba a kuma kora ba. Ya ce wannan wayo ne. Labarin ma ya riga ni isa gida, don ɗaya daga cikin 'yan matan 'yar unguwarmu ce, har Yaya ya tambaye ni ko za a yi wa bishiyar sadakar uku ya sayo gero. Na haɗiye. Na ce, "Yaya, ka ba ni wata ukun nan. In na sake faɗuwa, da ƙafata zan je ofishin, ba sai ka kai ni ba." Inna ce ta raba gardamar, ta ce tunda yarinya ta ji kunya irin wannan ba ta gudu ba, a bar ta ta ƙarasa.

Haka na riƙa shiga motar Batagarawa duk Asabar da sassafe. Na bar malafa da takalman ruwa a gida, na koma silifa kamar kowa. Malam Dauda ba ya bayani sai an tambaya, kuma ba ya son littafi a hannu. Zai tsinko ganye ya ce in murza in shinshina. Na koyi raba sabara da geza, na koyi gane aduwa da magarya tun suna ƙanana, ƙaya ta soke ni har na daina ƙirgawa. Sau da yawa bakina zai yi ƙaiƙayi in ji sunan Latin yana tasowa, sai in danne. Aka yi girbi a gabana, aka ɗaure dammuna, gari ya fara bushewa.

Asabar ta ƙarshe Hajiya da Oga Bitrus suka zo. Malam Dauda ya ja mu bayan rumbunsa, ya nuna wani ɗan itace da bai wuce ƙuguna ba, mai faffaɗan ganye mai sheƙi.

"Ɗiyata, gaya ma Hajiya, wannan mi ne?"

Na duba ganyen, na murza, na shinshina. Na duba ɓawon. Ban taɓa ganinsa ba. Ga Hajiya da tabarau, ga aikin gaba ɗaya a kan ɗan itacen nan. Kuma wallahi akwai sunaye biyu a bakina da suka yi kama, da na jefa ɗaya da ƙarfin murya, na ƙara da bayani mai daɗi, wataƙila ya wuce. Na daɗe a tsugune.

Na ce, "Baba, ban san shi ba."

Na ce shi ke nan, Litinin sai buga takardu.

Sai dattijon nan ya bushe da dariya har yana dafa rumbu. Ya ce, "Hajiya, a ba ta aikin. Ni ma kau ban san shi ba! Wani direba ya kawo man irin daga Kudu, na shuka in gani. So nike in ji ko za ta yi mana wa'azi."

Oga Bitrus, wanda ashe shi ya san itacen tun daga garinsu, ya yi tari. Wannan karon na juya na tambaye shi.

Ranar Litinin aka ba ni takardar tabbatarwa, na kai wa Yaya Sani har shagonsa na ajiye masa a kan teburi. Ya karanta sau biyu, ya ce, "To, Allah ya sa albarka. A dai riƙa tambaya kafin a yi kuka."

Shekara huɗu na yi a jami'a ina koyon yadda ake amsa kowace tambaya ko an sani ko ba a sani ba, ashe aikin da nake so da "ban sani ba" ake samunsa. Yanzu ni ke horar da sababbin ma'aikata, kuma duk wanda ya zo mini da murya mai daɗi da amsa a kan komai, ba na gardama da shi. Mota nake sa shi, in ce ya je ya gaida mai gona tukuna.